Da me kuke nuna wa na nesa shafin da ke kan localhost?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawara. Ina gina shafi, Vite a gaba, Django a baya, komai yana tafiya a kan kwamfutata. Mai aikin yana nesa, yana so ya taɓa shafin a wayarsa kafin mu ɗora shi a sabar gaske. Sannan akwai webhuk na biyan kuɗi da nake so in gwada, wato saƙon da sabar kamfanin biyan kuɗi ke turo wa shafi idan an biya, shi kuma sai an ba shi adireshin da intanet ke gani. Na buɗe tasha 8000 a rautar gida amma daga waje ba a samun komai. Me kuke amfani da shi?

Mubarak: Wa alaikumus salam. ngrok. Ki buɗe asusu, ki saka authtoken ɗinki sau ɗaya, ki rubuta `ngrok http 8000`, shi ke nan.

Malam Sadiq: Wa alaikumus salam Nafisa. Kafin a kai ga kayan aiki, bari in yi bayanin dalilin da ya sa buɗe tasha a rauta bai yi ba, don kada ki ɓata dare a kansa. Ki shiga shafin rautar ki duba adireshin da take da shi ta ɓangaren waje. Idan ya fara da 100.64 har zuwa 100.127, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna miki, to kina bayan CGNAT ne. Kamfanin intanet ya haɗa ku da yawa a kan adireshin IPv4 guda ɗaya, saboda adiresoshin sun yi karanci a duniya. Duk buƙatar da ta zo daga waje a rautarsu take tsayawa, ba ta ma iso taki ba, balle ta ga tashar da kika buɗe. Layukan waya kusan duk haka suke.

Abin da ngrok da 'yan'uwansa ke yi shi ne juya al'amarin. Kwamfutarki ce take fita ta kama hannun wata sabar da ke waje, ta riƙe haɗin a buɗe. Fita waje kuwa ba mai hana ta. Sai waccan sabar ta ba ki adireshi, duk wanda ya ziyarce shi a turo buƙatarsa ta cikin haɗin da kika riga kika buɗe. Wannan shi ne tanel. Duk sunayen da za ki ji a nan dabara ɗaya ce, bambancinsu shi ne wa ke riƙe da sabar ta waje, da kuma wa aka bari ya shigo.

Nafisa: Na duba Malam, 100.70 da wani abu ne. Ashe ba laifin rautar ba ne. Na gode.

Bashir: Ni dai ban ga dalilin buɗe asusu don abu na minti goma ba. `cloudflared tunnel --url http://localhost:8000` zai ba ki adireshi a ƙarƙashin trycloudflare.com, da HTTPS ɗinsa, ba rajista ba komai. Kuma babu wannan shafin gargaɗin da ngrok na kyauta ke tare baƙo da shi kafin ya shiga. Ka tura wa mai aiki mahaɗi, ya buɗe ya ga ana ce masa ya yi hattara, sai ya kira ka yana tambaya ko an yi masa kutse ne.

Mubarak: Shafin gargaɗin sau ɗaya ake danna shi Bashir. Kuma ba don ƙeta suka saka shi ba, masu damfara ne suka riƙa amfani da adiresoshin kyauta suna kafa shafukan satar kalmar sirri. Shi kuwa webhuk ba ya ma ganinsa, tunda ba burauza ba ne. Kai kuma naka, duk lokacin da ka kashe ka kunna sai adireshin ya canza, sai ta koma wurin masu biyan kuɗi ta sake saka sabo. ngrok tun 2023 yake ba asusun kyauta adireshi ɗaya tsayayye.

Bashir: Cloudflare ma yana da tsayayye, in kana da domen ɗinka a wurinsu.

Mubarak: To ga shi ka dawo kan rajistar da ka ce ba ka so, har da ƙarin domen.

Hauwa Kulu: Ku biyun nan kullum sai kun yi. Nafisa, a kan webhuk ina bayan Mubarak, amma ba don adireshi tsayayye ba. Idan ngrok yana aiki, ki buɗe `localhost:4040` a burauza. Za ki ga kowace buƙata da ta shigo, da hedojinta, da jikinta, da amsar da Django ya mayar. Kuma akwai maɓallin sake aikawa. Wato in kod ɗinki ya faɗi a kan webhuk ɗin, ba sai kin sake yin biyan gwaji daga farko ba, ki gyara kod ki danna, a sake turo miki daidai abin da aka turo ɗazu. Wanda ya taɓa fama da tantance sa hannun webhuk ya san darajar ganin ɗanyen jikin saƙo kamar yadda ya iso.

Sai dai ki fara duba ko masu biyan kuɗin suna da nasu kayan. Stripe misali suna da `stripe listen --forward-to localhost:8000/webhook`, wanda ke jawo saƙonnin zuwa kwamfutarki ba tare da kin buɗe wa duniya komai ba. Masu GitHub suna amfani da smee.io. Masu bot ɗin Telegram ma yawanci ba sa buƙatar tanel lokacin gwaji, getUpdates ya ishe su.

Nafisa: Yaya Hauwa namu ba su da irin wannan kayan, adireshi kawai suke karɓa. Na gwada ngrok a kan 5173, tashar Vite, yanzu don in ga gaban shafin, sai ga rubutu wai an toshe buƙatar, host ɗin ba ya cikin waɗanda aka yarda da su.

Hauwa Kulu: Vite ne. Tun farkon 2025 yake duba sunan da aka kira shi da shi. Ki saka adireshin tanel ɗin a `server.allowedHosts` cikin vite.config. Za ki ga masu cewa a saka `true` a huta, kada ki biye musu, sunan kawai za ki saka. Django ma zai tare ki da irin wannan: `ALLOWED_HOSTS`, sannan `CSRF_TRUSTED_ORIGINS` in kina da fom, kuma daga Django 4.0 sai kin rubuta shi da `https://` a gaba, in ba haka ba POST zai riƙa dawo miki da 403.

Yusuf: Akwai na uku da zai biyo baya, gara a faɗa tun yanzu. In kod ɗin gaba yana kiran `http://localhost:8000/api`, a kwamfutarki lafiya lau, amma a wayar mai aikin localhost wayarsa ce, ba kwamfutarki ba. Shafi zai buɗe, bayanai ba za su zo ba. Ki mayar da kiran ya zama `/api` kawai, ki saka `server.proxy` a Vite ya miƙa shi ga 8000. Tanel ɗaya ya ishe ki ke nan, kuma rigimar CORS ba za ta taso ba.

Nafisa: Kamar ka leƙa kod ɗina Yusuf, haka na rubuta shi.

Injiniya Lawal: Na karanta daga sama, kowa yana koya mata yadda za ta buɗe ƙofa, ba wanda ya tambayi me ke cikin ɗakin. Sabar gwaji ba a gina ta don fuskantar intanet ba. Su kansu masu Django sun rubuta a takardunsu cewa kada a yi amfani da runserver a aikin gaske, ba a yi masa binciken tsaro ba.

Nafisa, `DEBUG` ɗinki a kunne yake, na tabbata. Duk wanda ya jawo kuskure a shafin zai ga sawun kod ɗinki, da abin da ke cikin masu canji (variables) a lokacin, da saitunanki. Django yana ɓoye saitin da sunansa ya ƙunshi kalmomi irin su KEY, SECRET, PASS ko TOKEN, amma da suna yake ganewa. In kalmar sirrin rumbun bayananki tana cikin wani dogon adireshi mai suna na daban, za ta fito fili. Na Flask ya fi muni, dibogar Werkzeug tana ba da wurin rubuta Python a cikin burauza, lambar PIN ce kawai tsakanin baƙo da kwamfutarka. Vite kuma a 2025 an gano ramuka a sabar gwajinsa da ke bari a karanta fayilolin da bai kamata ba, an toshe su a sababbin fitowa, amma wa ya san wane tsoho ne ke cikin package.json ɗin mutum? Kada ma a yi maganar masu `python -m http.server` a cikin babbar foldar aiki, suna raba `.env` da `.git` ga duk mai so.

Abin da ya fi damuna kuma ba a cika lura da shi ba: buƙatar da ta biyo ta tanel, a idon manhajarki daga 127.0.0.1 ta zo, tunda ɗan shirin tanel ɗin a kan kwamfutarki yake zaune. Duk wani abu da aka rubuta da sharaɗin "in daga localhost ne a bar shi ya wuce", ya zama a buɗe ga kowa. Django Debug Toolbar da `INTERNAL_IPS` misali ne. Adireshin baƙon na gaske yana cikin hedar X-Forwarded-For, wadda ba a duba ta sai an ce a duba.

Bashir: Injiniya, da girmamawa, an ɗan tsorata ta da yawa. Adireshin trycloudflare kalmomi ne barkatai da aka jera, wa zai iya cankarsa? Minti ashirin za ta nuna ta kashe.

Injiniya Lawal: Ba sai an canka ba Bashir. Mahaɗin da ka tura a manhajar hira, sabar manhajar ko wayar mai karɓa tana buɗe shi don ta nuna ɗan hoton shafi. Mai aikin zai tura wa abokin kasuwancinsa ya gani. Wani zai manna shi a wurin da ba ka sani ba. In kuma satifiket ɗin HTTPS an fitar da shi ne da cikakken sunan adireshinka, sunan yana shiga rajistar Certificate Transparency da kowa ke iya karantawa, kuma akwai bot-bot da aikinsu ke nan, su ga sabon suna su zo su ƙwanƙwasa `/.env` da `/wp-login.php`. Minti ashirin ɗin ma a baki ne. Mutum ya tashi ya bar taminal a buɗe, sai gobe.

Bashir: Na trycloudflare satifiket ɗin gama-gari ne, sunan ba ya fitowa a rajistar.

Injiniya Lawal: Wannan gaskiyarka ce, na ba ka ita. Sauran fa?

Malam Sadiq: Ina ganin ku biyun ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Nafisa tana da buƙata biyu, kuma bai kamata a yi musu magani ɗaya ba. Webhuk dole ya kasance a buɗe ga intanet, domin sabar kamfani ce ke kira, ba za ta iya shiga da kalmar sirri a burauza ba. Kariyarsa ita ce sa hannun da ke kan saƙon, a tantance shi tun a gwaji. Shi kuwa mai aikin mutum ɗaya ne da aka sani. Me ya sa za a buɗe wa duniya don mutum ɗaya?

Ga mutum ɗaya akwai hanyoyi. ngrok yana bari a saka kalmar sirri a gaban tanel, ko a ce sai an shiga da Google ko GitHub. Cloudflare Access yana aika lamba zuwa imel ɗin da ka amince da shi kawai. In kuma VS Code kike amfani da shi, akwai shafin Ports kusa da taminal, tun 2023 aka saka shi: ki tura tasha, ki shiga da GitHub, ya ba ki adireshi a devtunnels.ms. Asalin saitinsa na sirri ne, ke kaɗai ke iya buɗewa sai kin mayar da shi na jama'a da hannunki. Don gwada shafi a wayarki ke kanki, ban san abin da ya fi shi sauƙi ba.

Zainab: Malam ba ka ambaci Tailscale ba, ni kuwa shi na koma gaba ɗaya. `tailscale serve 5173` yana nuna shafin ga na'urorin da ke cikin tailnet ɗinka, wato rukunin na'urorin da ka haɗa a Tailscale, kaɗai, da HTTPS, a kan WireGuard. In kana so duniya ta gani sai `tailscale funnel`. Abin da ya burge ni da Funnel, ɓoyewar TLS a kan kwamfutarka take ƙarewa, sabarsu miƙawa kawai take yi ba ta iya karanta abin da ke ciki. A tanel ɗin HTTP na ngrok da Cloudflare kuwa a wurinsu ake kwance shi, in ba haka ba ai ba za su iya saka shafin gargaɗi ko kalmar sirri ba. Iyakarsa, tashoshi uku kawai yake fita da su, 443 da 8443 da 10000, kuma sunan na'urarka zai shiga waccan rajistar da Injiniya ya faɗa, don haka kada ka sa wa kwamfuta sunan da ba ka so a gani.

Mubarak: Anti Zainab, ki ce wa mai aiki ya sauke manhaja, ya buɗe asusu, ya karɓi gayyata, don kawai ya ga launin maɓalli? Wasu ko mahaɗin ma sai ka kira ka ce a ina za a danna.

Zainab: Ga abokan aiki nake nufi, ba irin wannan ba. Shi a ba shi kalmar sirri kawai.

Auwal: Ni tsohon yayi ne. Duk mai VPS, wato sabar haya, ko ƙarama ce, yana da tanel a hannunsa: `ssh -R 9000:localhost:8000 ni@sabata`, sai Caddy ko nginx a can ya karɓi 443 ya miƙa wa 9000. Caddy zai nemo satifiket da kansa daga Let's Encrypt, layi biyu ne a Caddyfile, in ka ƙara kalmar sirri su zama biyar. Ba sai ka taɓa `GatewayPorts` ba tunda firoksin a kan sabar yake. Ka saka `ServerAliveInterval` don kada haɗin ya mutu shiru, ko ka bar wa autossh ya riƙa tayar da shi. Sunanka ne, sabarka ce, ba mai canza maka sharaɗi da tsakar rana. In tanel ɗin sun yi yawa sai a koma frp, a saka frps a sabar, frpc a kwamfuta.

Wanda ba shi da VPS kuma ba ya son sauke komai, `ssh -R 80:localhost:8000 nokey@localhost.run` ma yana yi, SSH ɗin da ke kwamfutarka ya isa.

Hauwa Kulu: Baba Auwal, in tana da VPS ai sai ta ɗora shafin a can kawai a matsayin na gwaji, mai aikin ya duba ko da kwamfutarta tana kashe.

Auwal: Ba musu. Tanel na lokacin da kake canza kod kana son a gani nan take ne. In mutum zai duba da dare bayan ka kwanta, ba wurinsa ba ne.

Ɗan Kod: Ba wanda ya ce localtunnel? `npx localtunnel --port 5173`, ba asusu.

Yusuf: Yana yi, amma baƙo sai ya rubuta adireshin IP ɗinka na waje a matsayin kalmar shiga kafin ya wuce shafin farko na loca.lt. Ga mai aikin da Mubarak ya siffanta, wannan wani kiran waya ne.

Wani abu kuma ga masu buɗe tanel don kawai kyamara ko GPS sun ƙi aiki a waya ta 192.168: burauza na hana su ne saboda ba HTTPS, localhost kaɗai aka yafe wa. In Android ce a hannunka, haɗa kebul ka rubuta `adb reverse tcp:5173 tcp:5173`, wayar za ta ga shafin a localhost ɗinta, kyamara ta buɗe, ba abin da ya fita intanet.

Nafisa: To ga abin da na fahimta, ku gyara min. Webhuk: ngrok a kan 8000 da adireshi tsayayye, ina kallon 4040. Mai aiki: in yi `vite build`, in nuna masa ta `vite preview` maimakon sabar gwaji, da kalmar sirri a gaba, `DEBUG` a kashe, rumbun bayanai na bogi. Abin da ban gane ba, in na buɗe 8000 don webhuk, ai `/admin` ma ya buɗu ke nan?

Injiniya Lawal: Ya buɗu, tambaya mai kyau. Tanel tasha yake turawa gaba ɗayanta, bai san hanya ɗaya kike so ba. Ko dai ki saka ƙa'ida a ngrok ta ƙin duk abin da ba `/webhook` ba, ko ki ajiye ƙaramin Caddy a kwamfutarki a wata tasha, ya miƙa `/webhook` kaɗai ga Django ya mayar wa sauran 404, sai ki nuna wa tanel ɗin Caddy. A cloudflared mai suna, dokokin ingress suna karɓar `path`, abu ɗaya ne. Kuma in kin kashe `DEBUG`, runserver zai daina ba da fayilolin static, kada ki ga admin ya fito tsirara ki ɗauka wani abu ya lalace.

Bashir: Ni har yanzu ina ganin don nuna launin maɓalli na minti goma, layi ɗaya na cloudflared ya isa. Amma tunda kuɗi na ciki, na yi shiru. Ki dai sani tanel ɗin gaggawa na Cloudflare ba ya ɗaukar SSE, kuma yana tsayawa a buƙatu 200 a lokaci guda, in shafinki na turo sanarwa kai tsaye ta wannan hanyar kada ki zargi kod ɗinki.

Nafisa: WebSocket nake amfani da shi, ba SSE ba. Injiniya, na Caddy ɗin zan bi. In saka `handle /webhook*` da `reverse_proxy localhost:8000`, sannan wani `handle` da `respond 404`?

Injiniya Lawal: Haka ne. Ki fara toshen da `:8080` kawai, ba da sunan domen ba, don kada ya tafi neman satifiket, sannan `ngrok http 8080`. Ki duba ko adireshinki a urls.py yana ƙarewa da slash, domin masu aiko webhuk da yawa ba sa bin juyawar 301, kuma POST ɗin zai ɓata a hanya.